Abin Da Ake Faɗa Da Abin Da Ake Rufewa: Maganar Haikalin 'Yan Momon

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da shugabannin ikkilisiyoyi na shiyyar Zurmi, Ƙauran Namoda da Shinkafi

 Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso daga Shinkafi da Ƙaura. Kowa a nan ya san abin da shiga mota a kan hanyoyin nan yake nufi yanzu. Allah da ya kawo ku lafiya, ya mai da ku gidajenku lafiya.

Kan maganar da aka ba ni zai ba waɗansu mamaki. Wani dattijo zai ce, mu da muke fama da gona ba ta nomuwa, kujerun majami'a suna ta raguwa, ina ruwanmu da haikalin 'yan Momon? Haikalin nasu ma yana can Aba, a jihar Abiya, tafiyar yini guda cur har da ɗoriya. To, ruwanmu shi ne 'ya'yanmu. Tun da 'yan bindiga suka matsa, balle a watan Satumba na 2021 da aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka kuma datse layukan waya a Zamfara, da yawa cikinmu sun tura yara wurin dangi a Abuja, da Legas, da Binin, da Fatakwal, da Aba. A can ne waɗansunsu suka haɗu da samarin nan masu fararen riguna da ke yawo biyu-biyu, kowa da sunansa maƙale a ƙirji. Waɗansu sun saurara sun wuce, waɗansu kuwa sun shiga. Sai yaro ya zo hutu, uwa ta ɗauki kayansa za ta wanke, ta ga wata farar rigar ciki da ba ta saba gani ba. Ta tambaye shi, ya ce daga haikali ne. Ta ce, me kuke yi a haikalin? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ba a faɗa." Kafin gari ya waye magana ta kai gaban dattawa cewa wane ya shiga ƙungiyar asiri.

Wannan "ba a faɗa" ɗin nake so mu duba yau. Abin da aka hana yaron nan faɗa yana da iyaka, shugabanninsa da bakinsu sun faɗi iyakar, kuma ba ta kai faɗin yadda shi yaron ko uwarsa suke tsammani ba. In dattijo ya san iyakar nan, zai san tambayar da zai yi, zai kuma san inda saɓaninmu da su yake na ainihi.

Bari in fara da su wane ne su, a taƙaice. Sunan da suke kiran kansu, in an juya shi da Hausa, shi ne Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Joseph Smith ne ya kafa ta a 1830 a Amurka, hedkwatarta kuwa tana birnin Salt Lake. A 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙa a daina kiransu Momon. Ina amfani da sunan a nan domin shi kuka sani, ba don raini ba. Ba sa cikin ɓangarori biyar da suka haɗu suka zama CAN, kuma a 2001 fadar Paparoma ta yanke cewa Katolika ba ta karɓar baftismarsu, domin abin da suke nufi da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ya sha bamban da namu. A Najeriya kuwa tarihinsu yana da abin lura. Har zuwa watan Yuni na 1978 ba sa barin baƙar fata ya zama firist ko ya karɓi manyan ibadun haikali. Da aka ɗauke dokar, a watan Nuwamba na shekarar aka yi wa wani malamin makaranta na Mbaise, Anthony Obinna, baftisma, bayan ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙu yana jira. An keɓe haikalin Akra a Janairu 2004, na Aba kuma ran 7 ga Agusta 2005. Daga baya sun sanar da niyyar gina na Legas a 2018, na Binin a 2020, na Abuja kuma a 2024. Wato abin yana matsowa arewa, ba ja da baya yake yi ba.

Abu na farko da mutanenmu suke ruɗewa a kai shi ne, gini iri biyu suke da shi. Akwai majami'a, inda suke sujada ranar Lahadi. Wannan a buɗe take, kowa yana iya shiga ya zauna, ya ji waƙa da wa'azi, ya ga suna rarraba gurasa da ruwa, gama su ruwa suke sha a maimakon ruwan inabi. Sa'an nan akwai haikali, wanda ma a rufe yake ranar Lahadi. Kafin a keɓe sabon haikali sukan buɗe shi ga jama'a na ɗan lokaci, kowa ya zagaya ɗaki-ɗaki. Haka aka yi a Aba a 2005. Amma da zarar an keɓe shi, ko ɗan ikkilisiyarsu ba ya shiga sai da takardar izini. Kafin babba ya sami takardar sai ya zauna da bishop ɗinsa, ya kuma zauna da shugaban gundumarsu ko mataimakinsa, su yi masa tambayoyi: ko ya gaskata, ko yana goyon bayan shugabanni, ko yana kiyaye kansa daga zina, ko yana fid da ushiri cikakke, ko yana guje wa giya da taba da shayi da kofi, ko yana gaskiya a ma'amala. Tambayoyin nan ba a ɓoye suke ba. A watan Oktoba 2019 shugabansu ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a gaban babban taronsu, duniya tana ji. Takardar tana aiki shekara biyu, sai a sake zama.

To, me ake yi a ciki? Abin da zan faɗa yanzu duk daga abin da su da kansu suka buga ne, gama waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ana yin baftisma a madadin matattu: mai rai ya shiga ruwa da sunan kakansa ko wani da ya mutu, bisa ga yadda suka fahimci 1 Korantiyawa 15:29. Akwai wanka da shafewa da mai na alama, daga nan ne mutum yake fara sa farar rigar cikin nan, wadda zai riƙa sawa dare da rana don ta tuna masa alkawaransa. Akwai babbar ibadar da suke kira baiwa, inda ake nuna labarin halitta da faɗuwar Adamu da Hawwa'u da fansa, mutum kuma ya ɗauki alkawari biyar: biyayya ga Allah, sadaukarwa, bin bishara, tsabtar aure, da keɓe lokacinsa da dukiyarsa ga aikin Allah ta hannun ikkilisiyarsu. Sabon shiga ba ya karɓar wannan sai ya cika shekara guda. Na ƙarshe shi ne ɗaurin aure da suke kira hatimcewa, inda suka gaskata ana ɗaure miji da mata da 'ya'yansu har abada, ba sai mutuwa ta raba ba.

Duk wannan ɗan Momon yana da izini ya zauna da uwarsa a tsakar gida ya bayyana mata. A watan Afrilu na 2019 ɗaya daga cikin manzanninsu goma sha biyu, David Bednar, ya tsaya a babban taronsu ya ja layin a fili. Ma'anar abin da ya ce ita ce, abu biyu ne ba za a fitar daga haikali ba: alamu na musamman da suke tafiya tare da alkawaran, da kuma abin da mutum ya yi alkawari takamaimai a can ciki cewa ba zai bayyana ba. Amma manufar ibadun, da koyarwar da ke bayansu, da ma'anar alkawaran, ya ce ana iya magana a kansu, har ya nuna cewa iyaye da yawa cikinsu sun yi shiru fiye da kima don tsoron kada su ƙetare iyaka, 'ya'yansu suna shiga haikali ba su san kome ba. A aikace, abin da ake rufewa shi ne sabon suna da ake ba mutum, da waɗansu alamu na hannu, da kalmomin da ke tafiya da su. Bayan wannan, sukan guji maimaita lafazin ibadar kalma bi da kalma a waje, don girmamawa.

Saboda haka in yaro ya ce maka ba zai iya faɗin kome ba, ɗaya cikin biyu ne: ko bai san dokar ikkilisiyarsa ba, ko kuwa yana gudun fushinka ne. Kana iya ce masa, "Ɗana, ban tambaye ka alama ba, ban tambaye ka suna ba. Faɗa mini alkawaran da ka ɗauka, da wanda ka ɗaukar wa, da abin da kake tsammani za su yi maka wanda jinin Yesu bai riga ya yi ba." Wannan tambaya ba shi da hujjar kauce mata.

Layin nan ba a wuri ɗaya ya tsaya ba tun farko, kuma ya kamata mu san haka. Joseph Smith ya fara ibadar baiwa a watan Mayu na 1842 a garin Nauvoo, makonni kaɗan bayan ya shiga ƙungiyar Firimesan a watan Maris na shekarar. Masana tarihi, har da nasu, sun yarda akwai kamanni tsakanin alamun biyu, ko da yake sun bambanta a kan ma'anar kamannin. A 1911 wani mutum ya saci jiki ya ɗauki hotunan cikin haikalin Salt Lake, aka nemi ikkilisiyar ta biya kuɗi masu yawa ko a watsa su. Shugabansu ya ƙi biya. Maimakon haka suka sa wani malaminsu, James Talmage, ya rubuta littafi a kan haikali, suka buga shi a 1912 da hotunan ɗakunan a ciki, mai neman kuɗi ya tashi a tutar babu. Har zuwa 1990 kuwa, alkawarin rufe bakin yana haɗe da alamun hukunci masu nuna mutuwa ga wanda ya tona. A shekarar suka cire su. A 2014 suka fitar da bidiyo da kansu suna nuna rigar cikin nan da sauran tufafin haikali. Littafin tsarin ikkilisiyarsu yana intanet tun 2020, kowa yana iya buɗewa, alkawaran nan biyar kuma suna jere a ciki. In mun faɗi gaskiya sai mu ce, da can abin ya fi kama da abin da iyayenmu suke tsoro, amma sun yi shekara ɗari da ɗoriya suna rage abin da ke rufe.

Yanzu ga tambayar da ke bakin kowa: ƙungiyar asiri ce ko ba ita ba ce? 'Yan'uwa, kalmar nan tana da nauyi a ƙasar nan. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 38 wanda ya ba mu 'yancin addini, a nan kuma ya ce 'yancin bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba. Sashe na 318 ya bayyana abin da ake nufi: ƙungiya mai alamu da rantsuwa a ɓoye wadda aka kafa don 'ya'yanta su riƙa fifita juna ba bisa cancanta ko adalci ba, suna cutar waɗanda ba nasu ba, ko wadda ake ɓoye sunayen 'ya'yanta da tarurrukanta da ayyukanta. Waɗanda suka fito daga kudancin Kaduna da Filato sun san ɗakin dodo, inda mace da yaron da ba a shigar ba ba su da ikon sanin kome, tsoro kuma shi ne jarin abin. Waɗanda suka yi karatu a kudu sun san ƙungiyoyin ɗalibai masu zub da jini. In muka auna 'yan Momon da wannan mudu, alamu a rufe akwai, alkawarin yin shiru akwai. Amma sunansu yana rubuce a bangon majami'arsu, shugabanninsu sanannu ne, koyarwarsu a buge take, mata suna karɓar baiwar kamar maza, kuma su da kansu suke bin gida-gida suna neman mai saurare. A ganina, wanda ya tsaya a bagade ya ce suna shan jini ko suna yanka mutane a Aba, ya karya doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Dokar ba ta ce sai maƙwabcin da koyarwarsa ta yi daidai ba.

Mu kuwa da muke tsiraru a wannan yanki, ya kamata mu fi kowa jin zafin irin wannan magana, domin a kanmu aka saba yin ta. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin yaran unguwa suna tambayar ɗansa abin da muke sha a ƙananan kofunan nan ba? Wane ne bai ji an ce in mun yi addu'ar dare kashe fitila muke yi ba? Ba yau aka fara ba. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Romawa mai suna Filini, a ƙasar da take Turkiyya a yau, ya rubuta wa sarki Tirajan cewa ya sa an azabtar da bayi mata biyu masu hidima a ikkilisiya don ya gano abin da Kirista suke yi a ɓoye. Abin da bincikensa ya nuna shi ne, suna taruwa kafin asuba a rana tsayayya, su raira waƙa ga Almasihu, su yi alkawari ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, daga baya su ci abinci irin na kowa. Duk da haka a 177, a birnin Liyon na Faransa, an kashe masu bi da zargin cin naman mutane, saboda an ji suna maganar jiki da jini. Ku lura da abin da ikkilisiya ta yi. Wajen 155 wani malami mai suna Jastin ya rubuta wa sarkin Roma takarda, ya zayyana yadda ake baftisma, da yadda ake Jibin Ubangiji, da tsarin sujadar Lahadi tun daga karatu har baiko da yadda ake rarraba shi ga marayu da gwauraye. Bai rage kome ba. Shekara goma bayan haka aka fille masa kai a Roma, amma takardarsa tana nan, ita ce ma take gaya mana yadda kakanninmu na bangaskiya suka yi sujada.

Sai dai kada mu yi saurin buga ƙirji, gama laifi tudu ne. A ƙarni na huɗu ikkilisiya ma ta yi al'adar rufewa. Akan sallami 'yan ajin baftisma kafin a fara Jibi, a rufe ƙofa. Siril, bishop na Urushalima wajen 350, yana gargaɗin masu shirin baftisma kada su faɗa wa na waje abin da aka koya musu, ko Shaidar Bangaskiya ma a ka ake haddace ta, ba a rubutawa. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, in ya zo kan maganar Jibi a wa'azi yakan taƙaita, ya bar wa masu baftisma su gane. 'Yan Momon sun san tarihin nan, za su kawo maka shi. Za su kuma kawo Matiyu 7:6 a kan kada a wulakanta abu mai tsarki, da Matiyu 17:9 inda Ubangiji ya hana almajirai uku faɗin abin da suka gani a kan dutse, da 2 Korantiyawa 12 inda Bulus ya ji abin da ba a yardar wa mutum ya faɗa ba, da sabon sunan da ke Wahayin Yahaya 2:17. Su a wurinsu abin tsarki ne, ba asiri ba. Dattijon da bai shirya wa ayoyin nan ba, yaro ɗan shekara goma sha tara zai ɗaure shi a gaban iyalinsa.

Ga inda nake ganin amsarmu take. Hana shiga daban, hana sani daban. A Tsohon Alkawari, babban firist kaɗai ke shiga Wuri Mafi Tsarki, sau ɗaya a shekara. Amma ku buɗe Littafin Firistoci sura 16: tufafin da zai sa, wankan da zai yi, turaren da zai ƙona, sau nawa zai yayyafa jini da yatsansa, duk an rubuta. Fitowa ta ba da awon alfarwa kamu bi da kamu. Maimaitawar Shari'a 31 kuma ta umarta a karanta shari'a kowace shekara bakwai a kunnen maza da mata da yara, har da baƙin da ke zaune a cikinsu. Talakan Isra'ila ba ya shiga, amma babu motsi ɗaya na firist da aka ɓoye masa. Ko a wurin maƙwabtanmu Musulmi muna ganin misalin wannan bambanci: wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, amma aikin hajji ana bitarsa a fili ga maniyyata, ana nuna shi a talabijin, ni da ku mun san ɗawafi da jifa. Mu ma ba kowa muke ba Jibi ba, amma wanda ba ya ci yana zaune yana kallo, yana jin kowace kalma.

Ayoyin da suke kawowa kuwa, in ka bi su a hankali ba su kai inda suke so ba. Shirun da aka sa wa almajirai a kan dutse yana da wa'adi, wato tashin Ubangiji daga matattu, shi ya sa ma muke karanta labarin yau. Abin da Bulus ya ji bai mai da shi ibadar da zai riƙa ba waɗansu ya hana waɗansu ba, a Ayyukan Manzanni 20 ma ya shaida wa dattawan Afisa cewa bai rage musu kome daga nufin Allah ba. Rufewar ƙarni na huɗu jinkiri ne na koyarwa, kalmomin Jibin kuwa suna rubuce cikin Linjila tun da daɗewa, al'adar ma ta mutu da kanta. Sama da duka, da aka tsai da Ubangijinmu gaban babban firist aka tambaye shi koyarwarsa, a Yahaya 18:20, amsarsa ita ce a fili ya yi magana, a tambayi waɗanda suka ji shi. Ran da ya mutu labulen haikali ya tsage daga sama har ƙasa, Ibraniyawa sura 10 kuma ta ce da jininsa muke shiga. Saboda haka damuwata da haikalin Aba ba ita ce ana aikata mugunta a ciki ba. Damuwata ita ce koyarwar cewa akwai suna da alama da mutum yake bukata don ya kai matsayi mafi ɗaukaka a gaban Uba, waɗanda ba a samunsu sai a ɗaki ɗaya, da takardar izini, bayan an tabbatar ya cika ushiri. Tsohuwar da ke can ƙauye bayan Zurmi, wadda ba ta taɓa wuce Gusau ba, ta gaskata da Yesu, tana raira waƙa da Hausa a ƙarƙashin rumfar kara, babu abin da ya rage mata. A kan wannan za mu tsaya da su, kuma wannan magana ce da yaron yake da cikakken izinin yi da mu.

Wani abu ga matasa. Na san akwai bidiyon da waɗansu suka ɗauka a sace a cikin haikalinsu, yana yawo a waya. Kada ku kawo shi zumuntar matasa ku kunna kuna dariya, kada kuma ku tsare ɗan'uwanku ku ce sai ya nuna muku alamar. Mutumin da ya yi alkawari da sunan Allah, ko a kan kuskure ne, in ka tilasta masa ya karya don ka ji daɗi, lamirinsa ka raunata, ba ka kuwa matso da shi kusa da gaskiya ko taki ɗaya ba. Mu ma muna da abin da muke riƙewa. Fada ba ya faɗin abin da ya ji a wurin ikirari ko da za a kashe shi. Fasto ba ya kai wa matarsa abin da aka faɗa masa a ofis. Dattawa kuma, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba: sunan wanda ya zo da dare yana tambaya a kan bangaskiya ba abin hira ba ne a kasuwa, kun san dalili. Amma ku duba, duk waɗannan asirin mutane ne muke rufewa don mu kāre su. Hanyar ceto ba mu rufe ko ƙwayarta ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne aure, a nan ne kuma na fi so dattawa su buɗe kunne. 'Yarka ta sami miji ɗan Momon, ta shiga, aka sa rana, sai a ce maka za a ɗaura a haikali, kai da uwarta kuwa za ku tsaya a waje domin ba ku da takarda. Gaskiya ne ba za ku shiga ba, ba kuma don ku 'yan arewa ne ko talakawa ba, ko a Amurka haka iyaye suke tsayawa. Amma akwai abin da ya kamata ku sani. A da, a waɗansu ƙasashe, in ma'aurata suka fara ɗaura aure a waje sai sun jira shekara guda kafin a hatimce su. A watan Mayu na 2019 shugabanninsu suka ɗauke wannan jira, suka kuma rubuta cewa inda auren haikali zai sa iyaye ko dangi na kusa su ji an ware su, an yarda a fara ɗaura aure a waje, hatimcewa ta biyo baya. Don haka uba yana da ikon ya ce, a zo a yi na gargajiya da na rajista a gaban dangi, in miƙa 'yata da hannuna, a ci a sha, sa'an nan ku tafi Aba. In ango ya ce dokarsu ta hana, a ce masa ya koma ya tambayi bishop ɗinsa. Ko ikkilisiyarku za ta sa albarka a irin wannan aure ko ba za ta sa ba, wannan yana ga tsarin kowace ɗarika, ba zan yanke muku ba. Haka ma maganar horo: wanda ya karɓi baftismarsu ya bar zumuntarmu da ƙafarsa, a rubuta haka a littafin ikkilisiya yadda yake, kada a rubuta cewa ya shiga tsafi. Uwarsa kuma kada a hana ta Jibi ko a sauke ta daga shugabancin zumunta saboda abin da ɗanta balagagge ya zaɓa.

Akwai kuma roƙon da yakan zo daga baya, wanda ke tayar da hankalin tsofaffi. Yaro ya fara tambayar sunayen kakanni da shekarun mutuwarsu yana rubutawa. Ba sayar da su zai yi ba. Baftismar matattun nan ce yake shiri, don a ganinsa alheri yake yi musu. Kana iya ba shi tarihin gidanku, gama haƙƙinsa ne ya san asalinsa, ka kuma gaya masa a fili cewa ba ka yarda a yi wa mahaifinka wannan ba, ka buɗe masa Ibraniyawa 9:27. Bisa ga ƙa'idarsu, in mamacin bai cika shekara 110 da haihuwa ba, kuma mai nema ba mijinsa ko matarsa ko ɗansa ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ba ne, sai an sami izinin ɗaya daga cikin waɗannan. Wato jika ba ya kai sunan kakansa na kusa sai ya bi ta kanku.

Shugaba, na ga ana ɗaga mini hannu saboda masu komawa Shinkafi su kama hanya da sauran rana. Fastocin da suke so mu bi ayoyin nan ɗaya-ɗaya da ajin baftisma da na matasa, su same ni bayan addu'ar rufewa mu sa rana.